Littattafan Hausa da Malamin Bakin Iyaka

Akwai wani irin mutum a garuruwan ƙasar Hausa wanda kowa ya san shi, amma da wuya a gamu da shi cikin littafi. Shi ba sarki ba ne, ba attajiri ba, ba kuwa barden yaƙi ba. Da asuba ya kan yi tilawa, ko ya duba wani ɗan littafi na fiƙihu. In hantsi ya yi, kuma ba lokacin aikin gona ba ne, sai ya zauna bakin zaure da allura da zare, yana ɗinkin hula ko aikin wuyan riga. Ran kasuwa ya naɗe abin da ya gama, ya bi hanyar ƙauye, ya sayar, ya gaida dangi, ya dubo gona, ya komo kafin almuru. In Allah ya sa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, to, da dare sai ya ƙara da littafin boko a gindin fitila. Zamansa na duniya ke nan, karatu da ɗinki da zagayen ƙauyuka, kuma shekara arba'in ya kan yi a haka ba wanda ya ji kansa da kowa.

Abin da a ke nufi a nan shi ne a ɗauko manyan littattafan Hausa na boko, waɗanda kusan duk wanda ya koyi karatu ya taɓa riƙewa, a duba ko sun ga wannan mutum, in kuwa sun gan shi, a ga irin ganin da suka yi masa. Maganar tana da nauyi, don babban mutum da ya sha wahala ya koyi baƙaƙe bayan furfura ta fara fito masa, in ya buɗe littafi goma bai sami mai kama da shi ba ko ɗaya, sai ya ɗauka karatun boko na waɗansu mutane ne, shi baƙo ne a ciki. Daga nan littafi ya koma ƙasan akwati, hannu ya manta alƙalami, takardar shaidar da aka ba shi ta zama abin ado a bango.

Don maganar ta tsaya a ƙasa, bari a ɗauki wuri guda a yi awo da shi, watau ƙasar Bagudo, cikin masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi wadda aka ƙirƙiro a 1991. Kogin Kwara ya ratsa ta. Garin Bagudo da Zagga suna wannan gaɓa, Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya suna ƙetare, wajen iyakar ƙasar Benin, wadda a ke kira Dahome kafin 1975. A nan Bahaushe da Bafillatani da Badande da Bakyange da Babuse su ke cin kasuwa ɗaya, Sarkawa kuma suna kan ruwa. In mutum ya wuce Tsamiya sai Segbana, in ya wuce Lolo sai Madikali da babbar kasuwar Malanbil, wadda ke duban Gaya ta ƙasar Nijar. Iyakar nan kuwa ba mutanen wurin suka shata ta ba. Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a watan Yuni na 1898, suka auna mil goma daga Giris, mashigin jiragen Illo, wajen da ruwa ke fitowa, suka ce nan ne rabo. Tun kafin wannan awo fataken goro masu zuwa Gwanja su ke haye kogi ta wajen Illo, su ratsa ƙasar Bargu.

Saboda haka malamin wannan ƙasa ba ya bukatar tafiyar shekara kafin ya ga abin mamaki. Tafiyar yini guda ta ishe shi ya ji harshe huɗu, ya canja naira da sefa, ya ga yaran da a ke koya wa Faransanci suna wasa da 'yan uwansu da a ke koya wa Ingilishi, alhali kakansu ɗaya. Zai ga fadamun shinkafa a bakin Kwara, ya ga gonakin auduga a ƙetaren iyaka, ya ga Fulani suna haye da shanu in ruwa ya janye. Duk wannan abin rubutawa ne, sai dai a sami mai ido.

Ita ma allurar da ke hannunsa ba baƙuwar karatu ba ce. Tun zamanin da, ɗinkin riga da hula sana'ar malamai ce da manyan almajirai, don sana'a ce da ba ta hana mutum zama gaban malaminsa, ba ta kuwa bukatar jari sai allura da zare da haƙuri. Gardi ya kan ci da kansa da ita har ya sauke Alƙur'ani, ya shiga littattafai. Hannun da ya saba da alƙalami da zayyanar allo shi ne ya kan zana aska biyu ko aska takwas a aljihun riga, ya zana tambari a ƙirji da baya, kāna mai ɗinki ya bi zanen da zare, daga bisani a kai wa mabuga. Zaren da aka fi girmamawa a da shi ne tsamiya, wanda a ke samu daga gidan wata tsutsa mai cin ganyen itatuwa, a dafa shi, a kaɗa. Riga guda mai cikakken aiki ta kan ci wata da watanni. Mata kuma a cikin gida suna kaɗi, a zamanin nan kuwa ɗinkin hula da yawa a hannunsu ya ke. Masu magana sun ce a bar ganin allura ƙanƙanuwa, ita ma ƙarfe ce, kuma gidaje da yawa na malamai da ita suka rufa asirinsu.

To, yanzu sai a juya ga littattafai. A 1933 Dokta Rupert East, shugaban ofishin talifi na Zariya, ya sa gasa, ya nemi malamai su rubuta labarai na ƙirƙira da Hausar boko. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida da shi East suka haɗu suka rubuta. Waɗannan su ne tushe. Da aka kafa yaƙi da jahilci a Jihar Arewa cikin shekarun 1950, hukumar NORLA ta yi ta buga littattafai a Zariya har aka rufe ta a 1959, ta kuma fitar da 'yan jaridun larduna, irin su Zaruma ta lardin Sakkwato. Amma in aka tambayi tsofaffin ɗalibai littafin da ya zauna musu a rai, yawanci ɗaya daga na farkon nan za su ambata, ko kuwa Magana Jari Ce.

Ruwan Bagaja shi ya fi kowanne daɗi a baki, wannan ba gardama. Hausarsa tana gudu, ba a gajiya da ita, kuma ko wanda bai iya karatu ba in aka karanta masa sai ya yi dariya har da hawaye. Alhaji Imam ya bar Kwantagora don ya samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya wanke wa limamin da ya rene shi kunyar da aka ba shi a fada. Ya shiga duniya, ya kai Tambutu, ya wuce har ƙasashen aljannu, yana tafe yana karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa na haƙa wa ɗan uwansa rami. Amma a lura da yadda ilmi ya fito a cikinsa. A wani gari Alhaji Imam ya shiga rigar malanta ba shi da karatun, Malam Zurƙe kuwa, wanda ya yi karatun, ya zo tona shi. Sai Imam ya ja wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen baƙaƙen da suka yi kama da shi, Imam ya ce duk ba haka ba, jinjirin wata ne. Jama'a suka bi bayan mai wayo, aka kori mai ilmi.

Wannan wuri yana da ban dariya ƙwarai, kuma akwai gaskiya a cikinsa, don marubucin yana yi wa jahilcin taron ba'a ne, waɗanda ba su iya rarrabe malami da ɗan damfara. Wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci ya fi kowa gane wannan, don ya san yadda a ke cutar wanda bai iya duba takarda ba. Duk da haka, daga farkon littafin zuwa ƙarshensa ba a ga mutum ya zauna ya yi wani aiki da hannunsa har ya gama, ya ci halalinsa ba. Dukiya tana zuwa ta hanyar dabara, ta tafi ta hanyar dabara. Garuruwan da a ke ratsawa kuwa sunaye ne kurum, in aka musanya wannan da wancan labarin ba zai ji ciwo ba. Mai karatu ba ya sanin abin da a ke nomawa a wurin, ko irin rigar da a ke sawa, ko harshen da a ke yi a kasuwa.

Ganɗoki ya fara da ƙafa a ƙasa. Kashinsa na farko yana kan yaƙe-yaƙen Kwantagora, maƙwabciyar Yawuri, da zuwan Turawa waɗanda suka ci garin a 1901, kuma a nan a kan ji ƙamshin abin da ya faru da gaske, don Bello Kagara ya tashi cikin mutanen da suka ga abin da idonsu. Amma da jarumin ya sha kaye a gida, sai marubucin ya ɗauke shi ya kai shi gabas mai nisa, inda ya ke karkashe aljannu da arna ba adadi. Watau abin da takobi ya kasa yi a bakin Kwara sai ya yi shi a ƙasar mafarki. Wannan ya kan sanyaya zuciya, amma talakan da ya zauna a gida bayan an ci garinsa, ya ci gaba da noma da ɗinki da biyan haraji, shi ba a ba da labarinsa ba, ko da ya ke shi ne ya fi yawa.

Shaihu Umar shi ya fi kusa da mutumin da a ke nema. A nan jarumin malami ne mai natsuwa, yana zaune a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. An sace shi yana yaro, ya faɗa hannun mahara, aka kai shi Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi Masar ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama abin kwatance. Littafin ba shi da aljani ko ɗaya, kuma ya nuna muguntar cinikin bayi ba tare da ɗaga murya ba. Wanda ya karanta yadda uwar Umar ta bar gida neman ɗanta, aka yaudare ta aka bautar da ita, ta ƙetare hamada, ta gan shi, ta cika, ba zai manta ba. Wannan ne ya sa aka juya shi da Turanci a 1967, aka kuma yi fim ɗinsa a 1976.

Sai dai ko a nan akwai giɓi, kuma a daidai wurin da mai karatu ya fi so a tsaya. Shekarun da Umar ya yi yana neman ilmi, waɗanda su ne suka mai da shi Shaihu, an wuce su da sauri kamar mai tsallake kwata. An faɗi cewa ya yi karatu ya fi tsaransa, amma ba a nuna daren da ya kasa gane wata mas'ala ba, ko ranar da ta buɗe masa, ko littafin da ya fara sa shi kuka. Ilminsa kamar rawani ne da aka naɗa masa, mai karatu bai ga saƙarsa ba. Kuma tun da a gidan mai arziki ya tashi, tambayar da ke damun kowane almajiri, watau me za a ci yau, ba ta taso ba. Gaskiyar magana, zuciyar littafin tana wurin uwar, malantar ɗan kuwa shimfiɗa ce da aka yi don a sami mai ba da labari. Sa'an nan ilmin nasa sai da aka kai shi Masar ya same shi, alhali a Gwandu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya wallafa littattafai masu yawa, har yanzu a kan karanta su a zaurukan Bagudo da Ka'oje.

Littattafan tafiye-tafiye na gaske ma haka su ke. Tafiya Mabuɗin Ilmi labarin zuwan Abubakar Imam Ingila ne a 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano shi ma ƙasashen Turai ya nufa. Dukansu sun yi amfani, sun buɗe wa mutane ido a lokacin da zuwa Ikko ma abin labari ne. Amma a hankali sun koya wa mai karatu wani abu da ba su yi niyya ba, cewa tafiyar da ta isa a rubuta ita ce ta jirgin ruwa, ta jaki zuwa kasuwar Lolo kuwa ba tafiya ba ce. A gefe guda akwai littattafan koyarwa irin su Zaman Mutum da Sana'arsa, waɗanda suka bayyana sana'o'in Hausawa. Su kuma sun kawo sana'ar sun bar mutumin, sai a ga aikin ba a ga mai yinsa ba, ba a san abin da ke ransa ba sa'ad da ya ke yi. Ashe an raba abu biyu da a zaman duniya ba su rabuwa: littafin labari ya ɗauki mutum ba sana'a, littafin makaranta ya ɗauki sana'a ba mutum.

Wajibi ne a yi wa marubutan nan adalci. Su ne suka fara, ba su da wani na gaba da za su bi sawunsa cikin Hausar boko. Abin da ke gabansu shi ne tatsuniya da hikayoyin Larabawa irin na Dare Dubu da Ɗaya, waɗanda duk al'adarsu ita ce a tafi nesa a ga abin al'ajabi. Kuma yawancinsu matasa ne ma'aikata, Abubakar Imam ma bai wuce shekara ashirin da biyu ba sa'ad da aka yi gasar. Wanda ke ƙarƙashin sarki da Razdan ya san in ya rubuta labarin garinsu da hakiminsu da alƙalinsu, kowa zai ce da wane a ke, saboda haka ƙasar aljannu ta fi kwanciyar hankali. Wani kuma zai ce, manomin da ya yini a rana ba ya so da dare a sake karanta masa labarin garma, so ya ke a ɗauke shi a kai shi inda bai taɓa zuwa ba. Wannan magana gaskiya ce, ba wanda zai so a ce babu Ruwan Bagaja a duniya. Laifin ba na littafi ɗaya ba ne. Abin da a ke kuka da shi shi ne aka yi shekaru tukunya ɗaya a ke kwasowa, har mutane suka zaci ba a iya dafa wani abu.

Shaidar cewa a kan iya tana nan, kuma ta girmi gasar 1933. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, asalin gidansu kuwa Kabawa ne, ya bi hanyar fataken goro ya zauna a Salaga, daga baya ya zama limamin Kete-Karaci, cikin ƙasar Gana ta yanzu, inda ya rasu a 1934. Wani ma'aikacin Jamus mai suna Adam Mischlich ya nemi ya rubuta masa yadda ƙasar Hausa ta ke, shi kuwa ya zauna ya rubuta da ajami. Ya kawo tarihin Kabi da na sauran ƙasashe, ya kuma bayyana noma da kiwo da fatauci da saƙa da rini da ɗinki, daki-daki, yadda mai sana'ar zai ji ya ce lalle wannan ya gani da idonsa. Ga babban malami, mai waƙoƙi da Larabci da Hausa, bai ɗauki bayanin aikin marini ko maɗinki abin raini ba. Abin baƙin ciki shi ne rubutun nan Turai ya nufa, masana can suka yi ta amfani da shi, ɗalibin yaƙi da jahilci a Illo kuwa, wanda ayarin goro ya bi ta ƙofar kakansa, ba a sa masa shi a hannu ba.

Shaida ta biyu mace ce, kuma ba ta iya karatu ba. Baba mutuniyar Karo, a ƙasar Zazzau, ta ba Mary Smith labarin zamanta da Hausa a tsakanin 1949 da 1950, ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a London a 1954. Baba ba ta je Masar ba, ba ta ga aljani yana tashi da gari ba. Yawonta duka tsakanin 'yan garuruwa ne da ƙauyuka, zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa da sauyin gidan aure. Amma ta faɗi yadda a ke kaɗi a sayar da zare, da yadda mace ke tara kuɗin kanta, da yadda a ke ƙulla ƙawance, da yadda mahara suka kama waɗansu daga danginta aka yi ta fafutukar fansa, da abin da mata suka ji a ransu da Turawa suka hana bauta. Ba inda ta tsaya yin wa'azi, amma wanda ya gama littafin ya san ta kamar gwaggonsa. In aka jera ta da Shaihu Umar sai a ga bambanci: shi an faɗi halinsa aka ce a yarda, ita kuwa an bar ta tana aiki tana magana har mai karatu ya gane halinta da kansa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Daga shekarun 1980 marubutan Kano, maza da mata, sun cike wani sashi na wannan giɓi. Sun shigo da labari cikin gida, suka bar aljannu. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu an ga matar da miji ya kora da 'ya'ya tana dafa abinci tana sayarwa don ta riƙe su, watau an ga sana'a da mai ita wuri guda. Wannan ci gaba ne babba. Amma yawancin littattafan nan birni su ke kallo, da gidan alhaji da mota da soyayyar 'yan makaranta. Mutumin bakin iyaka, mai allo da allura, har yanzu yana bakin zaure yana jira.

Jiran nan kuwa yana da hasara, don abubuwan da ya sani ba su jira. Keken ɗinki mai yin aikin wuya yana gama abin da hannu ke yi cikin wata a yini ɗaya ko biyu, saboda haka yaro ba ya ganin dalilin zama koyon aska takwas, sunayen zane-zanen ma suna fita daga bakin mutane. Babur ya gaje tafiyar ƙasa, wanda ke kansa kuwa ba ya tsayawa ya tambayi sunan tafki ko dalilin da ya sa aka tashi daga wancan kufai. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, aka yi fiye da shekara a haka, jaridu sun yi ta lissafin buhunan shinkafa da kuɗin kwastan, amma yadda abin ya kasance ga wanda 'yarsa ke aure a Segbana, ko wanda masu sayen hularsa ke Malanbil, wannan sai wanda ya zauna a wurin. Haka ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi: an ƙidaya kadada, amma ranar da ruwa ya shigo, da abin da aka fara ɗauka, da wanda ya ba wani masauki, suna cikin kawunan mutane, in sun mutu su tafi da su. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, baƙo ba zai rubuta masa wannan ba.

Littafin da a ke bukata ba ya neman gwaninta mai yawa, sharuɗɗansa kaɗan ne, kuma daga aibin na farko da kyawun na Alhaji Umaru da Baba a ke gane su. Wuri ya zama wuri ne na gaske, a kira shi da sunansa, yadda in aka cire Illo aka sa Zagga mutumin ƙasar zai ce ba haka ba ne. Mutumin da ke ciki a gan shi yana neman abincinsa, a san nawa ya sayi zare, kwana nawa ya yi kan hula, nawa aka taya, don halin mutum a wurin ciniki da aiki ya ke fitowa. In ya yi karatu, a nuna karatun yana shigarsa a hankali, da wahalarsa da daɗinsa, kada a naɗa masa malanta rana ɗaya. Kuma kada marubuci ya ji kunyar ƙanƙantar abin da ya gani. Mai sayen hula na ƙwarai ba ya tsayawa ga kyan launi daga nesa, sai ya jawo ta kusa, ya juya cikinta, ya ga ko zaren ya zauna. Littafi ma mai karatu na ƙwarai haka ya ke yi masa.

Wanda ya sami takardar shaidar yaƙi da jahilci ya riga ya mallaki kayan aikin. Ya iya rubuta wasiƙa, wanda ya iya wasiƙa kuwa ya iya rubuta abin da ya gani ran kasuwar Tsamiya, ko yadda malaminsa ya koya masa zanen tambari, ko labarin da kakarsa ta ba shi na zamanin da ayari ke kwana a Illo. Shafi ɗaya a mako ya isa, kamar yadda a ke cika hula da ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Ya ci gaba da karanta Ruwan Bagaja ya yi dariya, ya karanta Shaihu Umar ya ji tausayi, don sun cancanta, kuma daga gare su a ke koyon yadda a ke sarrafa Hausa. Amma ya sani akwai littafin da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa ba su rubuta ba, ba kuwa za su iya ba, don ba su zauna a zaurensa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka share hanya, ya ba na baya ikon ƙarasa abin da suka bari.